Kan Jaki a Wuyan Ƙanena

Ranar da muke zaman makokin ƙanena a birnin Tawa, duk wanda ya shigo gaisuwa abu ɗaya yake cewa: gidan nan ya yi shiru. Abokan sana'arsa, dillalan dabbobi na kasuwa, sun cika zaure suna tuna shi. Wani ya ce ya taɓa sayen raƙumin da ba ya bukata a hannunsa, don kawai ya tsagaita da surutu a bar shi ya je sallar la'asar. Aka yi dariya, sannan aka yi masa addu'a. Ina cikin gida tare da mata, ina jin su ta bayan katanga. Babu wanda ya rage a cikinsu da ya san cewa mutumin nan ya taɓa yin watanni bai furta ko kalma ɗaya ba.

Ƙauyenmu yana arewacin Adar, ta wajen Barmu, inda dutse ya fi ƙasa yawa. Ba a daɗe da saukar Nasara daga mulki ba, wata shekara bayan girbi, innarmu ta kwanta ciwo. Da abin ya ƙi sauƙi, baba ya ɗora ta a kan jakinmu ya nufi asibitin Tawa da ita. Ya dawo a ƙasa shi kaɗai, ba ita, ba jakin. Bai jima ba ya ɗaure kayansa ya bi masu ci-rani zuwa Kurmi, can ƙasashen kudu, ya bar mu a hannun mahaifiyarsa, kakarmu.

Ni na yi wayon da zan gane dalilin da ya sa mata suka cika gidanmu. Ƙanena kuwa an kai shi wurin gwaggo kafin a fara karɓar gaisuwa, ko da aka dawo da shi an naɗe tabarmi an share tsakar gida. A wurinmu ba a gaya wa ƙaramin yaro mutuwa, ana cewa zuciyarsa ba ta yi ƙwarin ɗauka ba. Sai aka ce masa Inna ta tafi unguwa a kan jaki, tana nan tafe. Ni ma aka ja mini kunne a kan haka zan riƙa faɗa.

Da farko yana tambaya. Yakan hau wani dutse a bakin gari ya fuskanci hanyar Tawa har a kira shi cin tuwo. Daga baya ya rage tambayar, sannan ya daina. Ba zan iya cewa ga ranar da ya yi shiru ba. Mun dai farga wata safiya cewa an kwana biyu ba wanda ya ji muryarsa. Yana ci, yana sha, in an aike shi yana zuwa. Bakin ne kawai ya rufe.

Kaka tana kiransa maigida, kamar yadda kakanni ke wasa da jikokinsu maza. Ta fara da lallashi.

"Maigida, hushi kake da ni? In sakina za ka yi, ai sai ka buɗe baki. Ba a sakin mace da ido."

Ya dube ta, ya ci gaba da wasa da tsakuwa.

Sai aka shiga neman magani. Malam ya yi rubutu, ya shanye tas ya goge baki. Wanzami ya leƙa maƙogwaronsa ya ce belu ne, kaka ta tuna masa cewa shi da kansa ya cire belun nan tun yaron yana jinjiri, ya ce to wataƙila ya sake tsirowa ta ciki, ta kore shi. Wata tsohuwa ta ba da shawara a ba shi sauran furar mutum mai yawan magana. Aka kira sanƙiran gari, mai shela. Ya zo ya zauna ya sha rabin ƙwarya, ya shiga ba mu labarin yadda maganin nan ya yi aiki a wasu garuruwa, tun hantsi har rana ta take, yana cikin bayani ya manta ya shanye sauran.

Kawunmu ya ce duk wannan ɓata lokaci ne, tsoro shi ne magani, yaron da ya firgita dole ya yi ihu. Ya shafa toka a fuska, ya yafa fatar rago, ya laɓe a bayan rumbu. Da ya ji tafiya sai ya yi tsalle ya fito da gurnani. Ashe kaka ce ta fito daga ɗakin girki da muciya a hannu. Ihun da aka ji a ranar na kawu ne. Ƙanena yana zaune a kan turmi yana kallonsu, ko murmushi bai yi ba.

Ana cikin haka aka ce wa mai gari ya kawo yaran lekol, makarantar gwamnati da aka buɗe mana a shekarar. Ba wanda yake son ba da ɗansa, don haka aka fara da gidajen da babu uban da zai tsaya gardama. Ana gane yaro ya isa shiga ne in ya ɗora hannu ta kan kansa ya taɓo kunnensa na ɗaya gefen. Ƙanena ya taɓo. Ni ma aka haɗa da ni, don an ce sai da mata a ciki.

Lekol ɗin rumfa ce ta zana, ba ƙofa, ba katanga. An jera duwatsu an kewaye ta, su ne iyakar makaranta. Malaminmu, da muke kira mushe, yadda bakinmu ya iya faɗin lakabin malami na Faransanci, saurayi ne ɗan Damagaram, siriri, mai malafa da takalmi sau ciki. Bahaushe ne kamar mu, a cikin gari yana gaisawa da kowa. Amma da zarar ya tsallaka duwatsun nan, ya daina jin Hausa ke nan. Wata rana kunama ta hau ƙafar wandonsa, sai da wani yaro ya ruga ya fita bayan duwatsu sannan ya juyo ya gaya masa.

Dokar lekol a lokacin ita ce ba a yin Hausa a ciki, sai Faransanci. Akwai wani abu da ake kira sambol, wanda ake rataya wa duk wanda aka kama yana Hausa. Shi kuma sai ya yi ta sanɗa har ya kama wani, ya cire ya rataya masa. Wanda aka tashi yana wuyansa shi zai yi shara, ya kuma sha bulala a tafin hannu. Namu sambol ɗin wani tsohon takalmin fata ne mai wari. Wanda yake ɗauke da shi yakan mintsini na kusa don ya ce wayyo. Aka yi ta gardama ko wayyo Hausa ce, mushe ya yanke hukunci cewa Hausa ce, ya kuma koya mana yadda Nasara ke kuka in an mintsine shi.

Kowa a ajin ya ɗanɗana takalmin nan, ni ma har na gaji da shi. Mutum ɗaya ne bai taɓa ratayawa ba. Mu da yawa ne a rumfar, karatu kuma tare ake yi, mushe ya faɗa mu maimaita da ƙarfi, don haka bakin da bai motsa ba ba a lura da shi. Ga shi ƙanena yana da kyan hannu, duk abin da aka rubuta yana kwafa a allonsa tsaf. Ranar da mai gari ya leƙo, mushe ya ɗaga shi ya tsayar a kan benci, ya ce a dubi yaron kirki, tun da aka buɗe lekol bai taɓa yin Hausa ba ko sau ɗaya, irin waɗannan ne za su riƙe ƙasa. Ya ba shi kyautar jan alli. Muka tafa. Duk ajin sun san gaskiya, amma faɗarta a ciki sai da Hausa, Faransancinmu bai kai nan ba, a waje kuma in mun hango mushe gudu muke yi.

Sai wata rana kare ya ɗauke takalmin. Mushe ya tura manyan yara su nemo wani abu mai muni da zai maye gurbinsa. Suka dawo daga kwari da ƙoƙon kan jaki, fari fat, rana ta gama da shi. Aka zura igiyar kaba ta ramukan idanun. Yana da nauyi, in ka rataya yana dukan ƙirjinka in kana tafiya.

Ina zaune kusa da ƙanena lokacin da aka shigo da shi. Na ga allinsa ya faɗi. Na bi idonsa, sai na ga abin da ya gani: haƙori ɗaya na gaba a karye yake. Jakinmu ma haka yake, ya karya nasa yana gwaguyar dutsen bakin rijiya. Rabin jakunan Adar haka suke, don ba su da abin gwaguya sai dutse. Amma shi jaki ɗaya ya sani.

Daga ranar al'amarin sambol ya juye. A da mai ɗauke da shi ne ke farautar mutane, yanzu shi ake farauta. Duk wanda aka rataya wa, in ya waiga zai ga ƙanena a bayansa, shiru, ido a kan ƙashin. Ya bi shi aji, ya bi shi waje, in ya zaga bayan gari ya tsaya yana jiransa. Babban yaron ajinmu, wani ƙato da muryarsa ta fara buɗewa, ya taɓa hawa bishiyar gawo da kan jakin a wuya don ya huta, ya leƙo ƙasa ya ga ƙanena ya zauna a gindin. Ya sauko ya cire ya rataya masa, ya ce ya riƙe har abada. Ƙanena ya rungume shi da hannu biyu. Da mushe ya gani sai ya fusata, ya ce wane azzalumi ne ya ɗora wa yaron da ya fi kowa ladabi kan jaki. Ya ɓamɓare hannuwansa ya karɓe, ƙaton ya sha bulala. A daren ƙanena bai ci tuwo ba, washegari ma haka.

Abin da ya kawo kaka lekol ke nan. Ta zo da hantsi ta tsaya a bayan duwatsu, ta ɗaga murya.

"Kai, ɗan Damagaram! Hito nan. Ni ba ni shigowa in ɗauki kan jaki da tsuhwana."

Mushe ya tsallako, ya cire malafa, ya rusuna. "Ina kwana, Iya."

"Lahiya lau. An ce ka ba maigidana jan alli."

"Na ba shi, Iya. Yaro ne natsattse. Bai taɓa yi mini Hausa a aji ba."

"To Nasarancin hwa? Ya yi maka?"

Kaka ba ta jira shi ba, ta ƙara jefa masa wata.

"Ko atishawa tai ka taɓa ji?"

"Iya, tun yaushe?"

"Tun bayan girbi. In don shiru kake raba alli, ga turmina can gida, shi ma a aiko mai da nashi."

Ba mu yi dariya ba, don dariya ma ba mu tabbata ba Hausa ba ce. Kaka ta sassauta murya ta gaya masa sauran. Mushe ya juya ya dubi ƙanena, shi kuwa yana kallon ƙashin a wuyan wata yarinya. Sai ya yafuto ni, na fito bayan duwatsu.

"Ke, me yake gani a jikin abin nan?"

Na gaya masa maganar haƙorin.

"Jakinku ne?"

"A'a, mushe. Baba ya sayar da namu a Tawa."

"Shi ya sani?"

"A'a."

Kaka ta ce, "To ka ji. Ba shi abinai shi huta, shi ci abinci."

Mushe ya daɗe yana jujjuya malafarsa. Sannan ya ce, "Ba zan ba shi ba, Iya. Doka ce. Sai wanda ya yi Hausa ake rataya wa."

"Allah shi shirye ka, kai da dokar taka."

"Amin, Iya."

Da rana ta yi, ya aiki ƙanena rijiya ya cika masa buta. Ya fito da mu duka bayan duwatsu ya yi mana magana da Hausarsa ta gabas, wadda muke jin kamar yana tauna ta. Ya ce daga yau zai rataye kan jakin a jikin ginshiƙin rumfa, kuma ba ya son kowa ya ci shi. Duk wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa ya ƙwace wa yaron nan abinsa. Mu kame bakinmu har sai shi ya fara magana. Kuma kada mu gaya wa kowa a gida. Ƙaton ajinmu, wanda bai manta da bishiyar gawo ba, ya ƙara da cewa duk wanda ya ɓata shirin zai haɗu da shi a hanyar rijiya.

Muka kame. Ba ma yin Hausa, Faransanci kuma ba mu iya ba, don haka in ban da abin da muke maimaitawa bayan mushe, ba ka jin komai a rumfar sai ƙudaje. Ƙananan yara suka ji tsoron kada su manta, sai suka riƙa gwada shirun tun daga gida. Uwa ta tambayi ɗanta ko ya ƙoshi, ya gyaɗa kai. Ta tambaye shi ina awaki, ya nuna da baki. Kafin a ce haka, magana ta zaga gari cewa ciwon gidanmu ya yaɗu, kuma a lekol ake ɗaukarsa. Mata suka yi layi a ƙofar sanƙira da ƙoren fura, kowace tana so ya sha rabi ya rage wa ɗanta. A kwanakin nan ya yi kumatu, har ya fara roƙon a riƙa kawo masa da ɗan tsami don canji. Kawu ya sake fito da fatar ragonsa, ya ce zai yi wa unguwa gaba ɗaya a tashi guda, kaka ta nuna masa muciya daga nesa.

Mai gari ya kira mushe ya ce masa, yaran nan da bakinsu ya ba da su. In ranar kasuwa ta zo ba a mayar musu da shi ba, zai sa a kwance rumfar a ba awaki zanar.

Shi kuwa mushe ya shiga tsokanar ƙanena ta hanyar ƙashin. Ya sauko da shi ya ɗora a kan tebur, ya ce yau darasinmu a kan doki ne, wannan kan doki ne. Muka maimaita. Washegari ya ce raƙumi ne, muka maimaita. Ya zuba allinsa a ramin idon. Ya kifa masa malafa ya riƙa gaishe shi. Ina ganin ƙanena yana damƙe gefen benci, amma bakin yana rufe. Wata rana mushe ya fitar da ƙashin ya ajiye a tsakiyar rana. Da aka fita shan iska, ƙanena ya je ya tsaya ta inda inuwarsa za ta faɗa a kai. Yana matsawa kaɗan-kaɗan yadda rana ke juyawa. Mushe yana kallonsa daga cikin rumfa. A ranar bai yi mana darasin yamma da kyau ba.

Safiyar kasuwa iyaye suka taru a bayan duwatsu, da mai gari, da samarin da za su kwance rumfa. Su ma sun yi shiru, don ba wanda ya tabbata inda dokar ta tsaya. Kaka tana gaba. Mushe ya dube su, ya dube mu. Na ga ya gaji, ba kuma wasa yake ba. Ya ce da Faransanci, a hankali yadda za mu gane, abin nan bai kawo alheri ba, zai mayar da shi kwari inda aka ɗauko shi. Ya nufi ginshiƙi ya miƙa hannu.

"Kar ka zo mai ta hagun. Shina cizo."

Muryar ƙanena ce, ta fito a shaƙe, kamar ƙyauren da aka daɗe ba a buɗe ba. Mushe ya fizge hannunsa ya yi baya, har da duba yatsunsa. Jakinmu haka yake, ba ya gani sosai da idon hagu, duk wanda ya zo masa ta nan sai ya kai masa cizo. Inna ce kaɗai ke zuwa masa ta kowane gefe.

Ba wanda ya motsa. Sai ƙaton ajinmu ya miƙe ya nuna ƙanena ya kwarma ihu, "Sambol! Mushe, sambol!" Duk muka ɗauka. Mushe ya haɗe fuska, ya zagaya ta dama, ya sauko da kan jakin ya rataya masa. Ya ce da Faransanci bai taɓa jin kunya irin ta yau ba, yaron da ya fi yarda da shi ne ya karya doka a gaban baƙi. Sannan ya juya ga babban allon aji ya daɗe yana goge shi, alhali ba a rubuta komai ba.

Kaka ta rangaɗa guɗa, ta tsallaka duwatsu ta shigo tana ta zuba Hausa. Bisa doka ita ya kamata a rataya wa. Ƙanena ya ƙanƙame abinsa ya juya mata baya. Yara suka ɓarke da surutu gaba ɗaya, iyaye suka ce maganin sanƙira ya ci, mai gari ya sallami samarinsa.

Bai zama mai magana a ranar ba. Amma mushe ya kafa sabuwar ƙa'ida: kowace safiya sambol zai koma jikin ginshiƙi, sai an sake cin sa. Sai mu zauna mu yi tsit muna jira. Da farko kalma ɗaya ta isa. Ƙanena ya ce "ruwa" ko "akuya", mu yi ihu, mushe ya nuna ɓacin rai, a rataya masa. Daga baya mushe ya ce kunnensa ya yi nauyi, kalma ɗaya ba ta isa ya gane ko wane harshe ne ba. Sai da ta kai ƙanena yana ba da labarin abin da aka ci a gidanmu da wanda ya zo aron gishiri kafin a tabbatar da laifinsa. Shi kuma da ya samu, ba ya kama kowa, don kamawa na nufin rabuwa da shi. Haka muka riƙa yin Hausa yini guda a gaban mushe, shi kuma yana nan a kan bakansa cewa ba ya ji. In an tashi, ƙanena ya yi shara. Bulalar kuwa, mushe ya ce kafaɗarsa na ciwo, ba ya iya saiti, kullum ginshiƙi yake samu.

Lokacin shan iska yakan tafi da ƙashin gindin wata aduwa ya zauna. Wata rana na kai masa ƙosai, ban yi sallama ba, sai na ji yana magana ƙasa-ƙasa. Yana gaya wa jakin cewa akuyarmu ta haihu, an kuma canza igiyar guga. Sannan ya ce, "Kai, ina kab baro ta? In kai ka mutu bisa hanya, da ƙahwa za ta taho? Takalmanta na ɗaki."

Na koma da ƙosan a hannuna. Ban san takalman Inna suna nan ba sai da na je na duba, na gan su a bayan tukunya. Shi ya daɗe da gani.

Na gaya wa mushe. Bayan la'asar ya zo gidanmu, ya cire takalminsa a ƙofa ya zauna a bakin tabarmar kaka.

"Iya, jakin nan ba zai ba shi amsa ba."

"Ba a hwaɗa ma yaro, ɗan nan. Mu ma ba a hwaɗa muna ba."

"Na sani, Iya. A garinmu ma haka ne. Amma shi a wurinsa jaki ya mutu, ga kansa yana gani. Yanzu kullum uwarsa tana cikin daji ita kaɗai, ba takalmi, tana tafiya ba ta isowa. Abin da yake kwana da shi ke nan."

Kaka ta ci gaba da kaɗin audugarta, zaren ya tsinke, ta ƙulla, ya sake tsinkewa. Mushe ya yi sallama ya tafi.

Washegari ba lekol, kuma mushe ya bar shi ya zo da ƙashin gida. Da hantsi kaka ta kira shi ta ɗora shi a cinya, kan jakin yana tsakaninsu yana tokare mata haƙarƙari. Ina tsaye a bakin ɗaki.

"Maigida," ta ce, "innarka ba ta bisa hanya. Ta rasu can Tawa. An yi mata wanka, an yi mata salla, tana kwance. Ba ta jin rana, ba ta taka ƙaya."

Ya daɗe yana kallon bakinta. "Ta sha ruwa?"

"Ta sha. Ubanka ya ba ta da hannunai."

Sai ya yi kuka. Ban taɓa jin kuka mai ƙarfi haka daga ƙaramin jiki ba, har maƙwabta suka leƙo. Ni ma a ranar na yi nawa, don tun da abin ya faru ba ni da wurin yin sa a gabansa. Da ya lafa, ya tambayi jakin. Kaka ta ce an sayar da shi, yana nan da ransa, wataƙila yana ɗaukar albasa a wani gari.

"Wanga hwa?"

"Wanga jakin wasu na."

Ya jujjuya ƙashin, ya taɓa karyayyen haƙorin. Ya ce, "Shi ma ba a kyauta mai ba." Sannan ya ce yana jin yunwa.

Da yamma muka raka shi kwari, ya tona rami iya ƙarfinsa, ya sa ƙashin ya jera duwatsu a kai. Lekol ta wayi gari ba sambol. Mushe ya ce wannan babbar asara ce, zai nemo wani da ya fi shi muni. Har aka canza masa gari yana nema.

Ƙanena kuwa da ya buɗe baki bai ƙara rufewa ba. Bai yi nisa a karatu ba, ni ma haka. Ya zama dillali, ya yi iyali a Tawa. Kowace dabba yana dillancinta in ban da jaki, amma bai taɓa wuce tsohon jaki a kasuwa ba tare da ya ɗaga leɓensa ya duba haƙoransa ba. Abokansa sun ɗauka wata dabarar sana'a ce, har wasu suna kwaikwayonsa.

Bayan an gama karɓar gaisuwarsa, mutane sun ragu, na fito tsakar gida na ga jikarsa, ƴar ƙarama da ba ta isa lekol ba, a tsugune a ƙofar ɗakinsa. Takalmansa suna nan inda ya saba cire su. Ta tambayi uwarta ina kakan nata, uwar ta ce ya tafi kasuwa, yana nan dawowa. Yarinyar ta ci gaba da kallon takalman.

Na nemi izinin uwar. Ta ce to, gwaggo. Na zauna a ƙasa, da ƙyar, don gwiwoyina ba sa son haka yanzu, na jawo yarinyar jikina na gaya mata. Ta yi kuka, na bar ta ta yi. Da ta gama ta ce rana tana dukan takalman, ko za mu shigar da su ciki. Ta ɗauki ɗaya, na ɗauki ɗaya.